Matsalar Hoto A Kwamfuta Mai Linux: Yadda Ake Gano Tushenta Kafin A Kashe Kuɗi

Abuja – A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa manhajar Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga wani shirin ƙarin wa'adi na musamman. Kwamfutar da ta ci gaba da zama a kan wannan manhaja ba tare da wancan shiri ba ta daina samun gyare-gyaren tsaron da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke bi. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da sashen tsaro na TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wato ƙirar ƙarshen 2017 zuwa yau.

Da yawa daga cikin kwamfutoci 'yan tokumbo da ake sayarwa a kasuwanni irin su Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja, da Titin Beirut a Kano, da Computer Village a Ikeja, ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali kuwa da sauran ƙarfinsu. Ɗaya daga cikin hanyoyin tsawaita rayuwarsu ita ce a girka musu Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda ake samu kyauta, wadda kuma tushen rubutunta yake a buɗe ga duk mai son dubawa ko gyarawa.

Sai dai akwai tuntuɓen da yakan sa sabon shiga ya karaya tun a ranar farko, wato matsalar hoto. Wani ya ga rubutu ya kumbura ya cika fuskar kwamfuta, wani ya ga hoto ya baje kamar an ja shi ta gefe biyu, wani kuma ya kunna ya tarar da baƙi ƙirin. A nan ne wasu suke yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu, ko su amince a goge musu komai, takardunsu na shekaru su tafi a banza. A mafi yawan lokuta kuwa ba abin da ya lalace. Abin da ya faru shi ne zance ya yanke tsakanin abubuwa uku: fuskar da ke nuna hoto, wayar da ke kai shi, da ƙaramar manhajar da ake kira direba. Ana iya gano inda zancen ya yanke idan aka bi bincike daki-daki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa wanda yake ci.

Linux ba baƙuwa ba ce a Abuja

A shekarar 2007 an gwada shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte na Amurka ya jagoranta, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen birnin Abuja. Ƙananan kwamfutocin XO da aka raba wa yaran da Linux suke aiki. Matsalolin da shirin ya fuskanta sun fi karkata ga wutar lantarki da kuɗin intanet. Ta fuskar hoto kuwa, na'urorin duk ƙira ɗaya ne, kuma tun daga masana'anta aka daidaita manhajar da fuskarsu.

Yau lamarin ya sha bamban. Matashin da ke koyon tsaron intanet ko sarrafa rumbunan bayanai a ƙarƙashin shirin 3MTT, wanda Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Dijital ta ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA, da kansa yake girka Linux a kan duk kwamfutar da aljihunsa ya iya saye. Ɗaya HP ce, ɗaya Dell, ɗaya Lenovo, kowace da irin kayan cikinta. Manhaja ɗaya ce ake so ta gane dubban na'urori daban-daban, kuma a nan saɓanin yake shigowa. Misalan da ke cikin wannan bayani sun dogara ne a kan Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa a Oktoban 2004, da kuma Linux Mint da aka gina a kanta.

Yadda hoto yake isa fuskar kwamfuta

Duk hoton da ido yake gani a kwamfuta tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Ma'aunin hoto shi ne yawan waɗannan ɗige-ɗige a kwance da a tsaye. Idan aka ce 1920x1080, ana nufin ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa 1366x768 ne ma'auninsu, wato ɗigo 1,049,088. Kowace fuska ta zamani tana da ma'auninta na asali guda ɗaya da aka ƙera ta da shi. In aka tura mata wanda bai kai shi ba, kamar 1024x768 ko 800x600, dole ta shimfiɗa ɗan abin da ta samu ya cika gurbin, sai rubutu ya yi dishi-dishi, da'ira ta koma kamar ƙwai.

Sashen da ke zana hoton shi ne katin hoto. Kamfanoni uku ne suka mamaye ƙera shi: Intel, AMD da Nvidia. Direba kuma tafinta ne tsakanin wannan kati da manhajar. Idan babu tafintan da ya dace, Linux takan koma ga wata hanya ta wucin gadi wadda kusan kowane kati yake ganewa, amma ƙaramin ma'auni kawai take iya bayarwa, kuma aiki yakan yi nauyi.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yadda kwamfuta take sanin irin fuskar da aka jona mata. Kowace monita da talabijin da majigi suna ɗauke da wata 'yar takardar shaida a cikinsu da ake kira EDID, tsarin da ƙungiyar VESA ta fitar a 1994. Ainihinta bait 128 ne kacal, amma a ciki akwai sunan kamfani, girman fuska, da jerin ma'aunan da take iya ɗauka. Ta cikin waya ɗaya da hoton ake aiko wannan shaida. Idan ba ta iso ba, direba yakan yi taka-tsantsan ya zaɓi ƙaramin ma'auni, domin bai san da wa yake magana ba.

Matakin farko: a raba laifin ƙarfe da na manhaja

Kafin a taɓa kowane saiti, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, a zuba ido a kan tambarin kamfani da ke fitowa a daƙiƙoƙin farko. A wannan lokaci Linux ba ta fara aiki ba tukuna. Idan tun a nan akwai layuka masu launi, ko rabin fuska ya yi duhu, ko hoton yana canzawa idan an motsa murfi, to laifin na ƙarfe ne: ko gilashin, ko siririyar wayar da ta bi ta maƙogwaron murfin, ko katin kansa. Wannan aikin mai gyara ne, babu umarnin da zai warkar da shi. Idan kuwa tambarin ya fito tas, sai daga baya abu ya ɓaci, to akwai kyakkyawan zaton cewa na'urar lafiyarta ƙalau.

Akwai alamu biyu da yanayin ƙasar nan yake haifarwa. Na farko, hoton da ke rawa ko yake yin igiyar ruwa a monitar da aka jona da wayar VGA, musamman lokacin da ake kan janareta. A cire caja a bar kwamfutar a kan batir. Idan rawar ta tsaya, daga wutar ne ko cajar, ba daga direba ba. Na biyu, hoton da ke farfashewa ko kwamfutar da ke ɗaukewa bayan ta yi aiki na ɗan lokaci. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafi ya yi wa katin yawa. Shara da sabon man sanyaya ƙwaƙwalwa ne maganin wannan.

Mataki na biyu: waya da adafta

Mahaɗar VGA, mai shuɗin kai da allura 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma har yanzu tana cike da ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu. Ta allura ta 12 da ta 15 ne shaidar EDID take bi. Idan ɗayarsu ta lanƙwashe ko ta karye, hoto zai ci gaba da fitowa, amma kwamfuta ba za ta san monitar ba. A shafin saitin fuska sai a ga an rubuta "Unknown Display", kuma jerin zaɓin ya tsaya a 1024x768. Haka ma wasu wayoyi masu araha, da na'urorin raba hoto gida biyu, da adaftocin HDMI zuwa VGA, sukan riƙe shaidar ko su aiko da wadda ba daidai ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A cire duk wani abu da ke tsakani, a jona kai-tsaye, a ɗaure sukurorin, a ari wata waya a gwada. Idan monitar tana da HDMI ko DisplayPort, a fifita su a kan VGA. Yana da kyau kuma a kunna monitar ko majigin kafin a kunna kwamfutar, domin shaidar ta kasance a shirye lokacin da aka neme ta. Mutum yakan kwana yana fama da umarni alhali wayar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ce ta hana ruwa gudu.

Mataki na uku: a tambayi kwamfutar da kanta

Idan waya ta fita daga zargi, sai a buɗe tagar umarni, wadda ake kira taminal, ta hanyar danna Ctrl da Alt da T a tare. Umarni uku ne suke bayyana halin da ake ciki, kuma babu wanda yake canza komai a cikinsu. Na farko yana faɗin sunan katin hoto da direban da yake tuƙa shi:

lspci -k | grep -A 3 -E "VGA|3D|Display"

A cikin amsar a nemi layin da ya fara da "Kernel driver in use". Ga katin Intel, galibi i915 za a gani. Ga na AMD, amdgpu ne, ko radeon idan tsoho ne. Ga na Nvidia, ko dai nouveau, wanda masu sa-kai suka rubuta, ko nvidia, na kamfanin kansa. Idan layin bai fito ba sam, katin yana zaune ne babu tafinta.

Umarni na biyu yana buƙatar a fara girka wani ɗan ƙunshi mai suna mesa-utils, sannan a rubuta:

glxinfo -B

Idan a layin "OpenGL renderer string" aka ga sunan katin, to shi yake aikinsa. Idan kuwa aka ga kalmar llvmpipe, babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar ce take ɗaukar nauyin zanen da ba nata ba. Wannan ne dalilin da ya sa bidiyo yake sarƙewa, fanka take ta kuka, batir yake saurin ƙarewa.

Umarni na uku yana nuna tsarin da ke shimfiɗa tagogi a fuska:

echo $XDG_SESSION_TYPE

Amsar ko x11 ce ko wayland. X11 tsohon tsari ne da ya samo asali tun 1987, Wayland kuma shi ne magajinsa. Ubuntu ta mayar da Wayland zaɓinta na farko tun daga fitowar 21.04, yayin da Linux Mint ta daɗe tana riƙe da X11. Sanin wannan yana da muhimmanci, domin shawarwari da dama da ake samu a intanet an rubuta su ne don X11, kuma ba sa aiki a Wayland. Wanda ya kwafi umarni ba tare da ya duba wannan ba yakan ɗauka kwamfutarsa ce ta ƙi.

Idan ma'aunin da ake nema ya ɓace daga jeri

A ce direba yana nan, amma monita mai 1920x1080 ta ƙi wuce 1024x768, kuma babu halin sauya waya a yanzu. A tsarin X11 ana iya gaya wa kwamfuta ma'aunin da baki. Umarnin xrandr shi kaɗai zai jero sunayen mahaɗu, kamar VGA-1 ko HDMI-1, da abin da kowace take bayarwa. Daga nan sai a sa kwamfutar ta lissafa ƙa'idojin ma'aunin da ake so:

cvt 1920 1080 60

Lamba 60 tana nufin sau 60 ake sabunta hoton a kowace daƙiƙa. Za a samu layi mai farawa da "Modeline". A kwafi abin da ya biyo bayan wannan kalma a saka shi a umarni na gaba, sannan a ɗaura shi a kan mahaɗar, sannan a zaɓe shi:

xrandr --newmode "1920x1080_60.00" 173.00 1920 2048 2248 2576 1080 1083 1088 1120 -hsync +vsync

xrandr --addmode VGA-1 "1920x1080_60.00"

xrandr --output VGA-1 --mode "1920x1080_60.00"

Mai neman 1366x768 kada ya yi mamaki idan cvt ya ba shi 1368x768, domin lissafinsa yana tafiya ne da ninkin 8. Wannan gyara yana gogewa da zarar an kashe kwamfuta, kuma a nan amfaninsa yake wajen gwaji: idan fuska ta ɗauke, sake kunnawa zai dawo da komai yadda yake. Sai an tabbatar ya zauna daidai ne za a rubuta layukan uku a fayil mai suna .xprofile a babban jakar mai amfani, domin su riƙa aiki a kowace shiga. Sharaɗi guda shi ne a tabbatar da ma'aunin monitar na asali daga lambar ƙirarta da ke manne a bayanta, kada a yi ƙiyasi.

A tsarin Wayland kuwa, ana bi ne ta fayil ɗin /etc/default/grub. A layin da ke ɗauke da kalmomin "quiet splash" sai a ƙara video=VGA-1:1920x1080@60 a cikin alamun zancen, a adana, a rubuta sudo update-grub, a sake kunnawa. A Ubuntu 22.04 da 24.04 akwai kuma damar komawa X11 daga shafin shigar da kalmar sirri, ta hanyar danna alamar saiti da ke ƙasa a zaɓi "Ubuntu on Xorg". An cire wannan zaɓi daga fitowar 25.10.

Baƙar fuska bayan girkawa ko sabuntawa

Wannan ce alamar da ta fi tayar da hankali, amma ba kasafai take nufin an rasa komai ba. A danna Ctrl da Alt da F3. Idan farin rubutu ya bayyana yana neman suna da kalmar sirri, to manhajar tana raye, takardu suna nan, sashen hoto ne kawai ya gaza tashi.

Sanadin da ya fi kusa da mai kwamfuta a Najeriya shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa, musamman a kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya mutu. Sabon direba bai gama zama ba, tsohon kuma an riga an ɗaga shi. Umarni biyu ne suke ƙarasa aikin da ya katse:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt install -f

Idan ana buƙatar intanet a wannan hali, hanya mafi sauƙi ita ce a jona wayar salula da kebul na USB a kunna raba data daga cikinta.

Sanadi na biyu shi ne sabon kanel, wato zuciyar manhajar, wanda bai jitu da direban ba. Linux ba ta goge tsohon nan take. Lokacin kunnawa a riƙe Shift, ko a danna Esc a sababbin kwamfutoci, har jerin GRUB ya bayyana, a shiga "Advanced options", a zaɓi kanel na baya. Idan hoto ya dawo, an gano mai laifi, sai a zauna a kan tsohon har gyara ya fito.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai kalmar nomodeset. A jerin GRUB a danna harafin e, a nemi "quiet splash", a rubuta nomodeset a bayansu, a danna F10. Tun 2009 kanel ne da kansa yake saita ma'aunin hoto, wannan kalma kuma tana hana shi yin hakan, sai kwamfuta ta tashi da hoto na wucin gadi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da ita ta dindindin. Direbobin Intel da AMD ba sa aiki yadda ya kamata muddin tana nan, saboda haka mutum yakan wayi gari da ƙaramin ma'auni da llvmpipe, yana neman dalili, alhali shi ya ɗaure direban da hannunsa. Sanda ce ta dogarawa a shiga a yi gyara, da an gama sai a ajiye ta.

Batun Nvidia

Direbobin Intel da AMD suna zuwa ne a cikin Linux kanta, don haka masu irin waɗannan katuna ba sa buƙatar sauke komai. Idan kwamfutar sabuwa ce fil kuma hoto ya ƙi, yawanci sabuwar fitowar manhajar ake buƙata. Nvidia ce ta daɗe tana riƙe da direbanta a rufe, lamarin da ya sa Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya ƙirƙiro Linux a 1991, ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a Jami'ar Aalto a 2012. A watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe wani sashe na direban, amma ga katunan zubin Turing na 2018 zuwa sama kaɗai.

Hanya mafi aminci ita ce a bar manhajar ta zaɓa. A Ubuntu akwai shafin "Additional Drivers", a Linux Mint akwai "Driver Manager". A taminal kuma, ubuntu-drivers devices zai nuna wanda aka ba da shawara, sudo ubuntu-drivers install zai girka shi. Nauyinsa ya kai ɗaruruwan megabait, saboda haka a tanadi data da caji. A guji sauke fayil mai ƙarewa da .run daga shafin kamfanin, domin tsarin sabuntawa bai san da zamansa ba, kuma sau da yawa sabon kanel na gaba yakan karya shi. Garin gyaran gira ne ake rasa ido.

Akwai kuma tarkon Secure Boot, tsarin da ke hana duk direban da ba shi da sa-hannun amincewa tashi. Idan a lokacin girkawa aka nemi a ƙirƙiri kalmar sirri, to a kunnawa ta gaba wani shuɗin shafi zai fito. Wajibi ne a zaɓi "Enroll MOK" a shigar da kalmar. Wanda ya tsallake wannan shafi, direbansa yana cikin kwamfuta amma an hana shi aiki. Umarnin mokutil --sb-state yana nuna ko tsarin a kunne yake, nvidia-smi kuma yana nuna ko direban ya tashi.

Masu tsofaffin katuna su lura da wa'adi. Kamfanin ya daina kula da jerin direba na 340 a ƙarshen 2019, na 390 a ƙarshen 2022, na 470 kuma a Satumban 2024. Katin NVS 4200M da ke cikin wasu Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420, alal misali, na jerin 390 ne. Tilasta irin wannan direba a kan sabon kanel neman wahala ne. Nouveau ya isa aikin ofis da karatu, kuma da yake irin waɗannan kwamfutoci suna da katin Intel a gefe, ana iya komawa kansa kacokan, batir ma ya ƙara daɗewa.

Abubuwan da suke kama da matsala amma saiti ne

Idan aka jona talabijin aka ga gefunan hoto sun yanke, talabijin ɗin ne yake faɗaɗa shi. Gyaran yana cikin rimot: "Just Scan" a LG, "Screen Fit" a Samsung. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta a fuska mai yawan ɗigo, kada a rage ma'auni. A ƙara girman nuni zuwa kashi 125 ko 150 ko 200 cikin 100 a shafin saitin fuska. Idan talabijin mai 4K yana jan ƙafa, a tuna cewa HDMI 1.4 sau 30 kawai take iya sabunta irin wannan hoto a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ce take kai 60.

A ɗakin taro ko aji, tsofaffin majigai da yawa 1024x768 ne ma'auninsu. Idan aka zaɓi a nuna abu ɗaya a fuskoki biyu, kwamfutar takan sauko zuwa ma'aunin da dukansu suke iya ɗauka. Zaɓin haɗa fuskokin gefe da gefe yana barin kowace da nata. Ɗaliban da ke gudanar da Kali Linux ko Ubuntu a cikin VirtualBox kuma, ƙaramar tagar da ta ƙi faɗaɗa tana jiran a girka "Guest Additions" ne kawai, domin katin da manhajar take gani a can na kwaikwayo ne.

Kafin a girka, kafin a saya

Linux tana da wata dama da ba a cika amfani da ita ba: ana iya gudanar da ita daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ubuntu 24.04 ta kai kusan gigabait 6, Linux Mint kusan 3, saboda haka filas mai gigabait 8 ya wadatar, kuma saukewa ɗaya za ta ishi mutane da yawa. Mai niyyar saye yana iya neman izinin mai shago ya tayar da kwamfutar daga filas, ya duba ma'aunin hoto, ya jona monita ta waje, ya gwada ƙara haske da rage shi, kafin ya biya. Idan ta ƙi tashi, zaɓin "safe graphics" da ke jerin farko zai nuna ko direba ne matsalar. Wannan filas ɗin ne kuma zai ba da damar kwashe takardu duk ranar da fuska ta yi baƙi.

Ga makaranta ko ofis ko cibiyar horaswa, ya fi dacewa a tsaya a kan fitowar da ake kula da ita na dogon lokaci, kamar Ubuntu 24.04 ta Afrilun 2024 mai wa'adin shekara 5. Kafin kowace babbar sabuntawa a ɗauki hoton tsarin da manhajar Timeshift, wadda take zuwa a cikin Linux Mint, a kuma tabbatar akwai cikakken caji ko na'urar riƙe wuta. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ana rubuta abin da aka canza.

Idan daga ƙarshe sai an je wurin mai gyara, a tafi da amsoshi huɗu: ko tambarin kamfani yana fitowa tas, ko an gwada wata waya, sunan katin hoto, da direban da yake aiki. Mai gyaran da aka ba wa wannan bayani ba shi da dalilin fara aiki da goge kwamfuta, mai ita kuma zai san ko gilashi zai saya, ko waya, ko kuwa babu abin da zai saya.